Wa Zai Ɗauki Lifidi?

Duk wanda ya ratsa unguwanninmu na Gadarif bayan sallar Isha ya san wannan zama: samari biyar a ƙarƙashin rakuba ko a gefen mai shayi, kawuna a sunkuye, hasken waya na haska fuskoki, can sai ka ji ihu, can sai ka ji zagi. PUBG da Free Fire na da nasu mabiyan, amma maganarmu ta yau a kan Mobile Legends take, wasan da kamfanin Moonton ya fitar a 2016, inda biyar ke karawa da biyar. Mun zauna da ƙannen nan namu dare da yawa, mun kalla, wani lokacin har mun karɓi wayar. Abin da muka gani shi ne ana cinye su tun kafin a fara fafatawa, a daidai lokacin da kowa ke zaɓen jarumin da zai riƙa.

Ba mu zo taya dattawan da ke cewa abin shirme ne ba. Wanda ya raba dare a kan dara, ko ya yi langa da farin wata har ƙafarsa ta kumbura, bai kamata ya ɗaga hanci ba don jikansa ya mayar da dandali cikin waya. Ƙorafinmu a kan 'yan wasan ne da kansu.

Filin wasan hanyoyi uku ne, da daji a tsakaninsu, da hasumiyoyi masu gadin kowace hanya, kuma nasara tana ga wanda ya rushe gidan abokan gaba. Ba a ƙirga gawawwaki a ba da kofi. Aikin ya kasu: akwai maharbi mai ɓarna daga nesa amma jikinsa kamar ƙwai, akwai mai tsafi a hanyar tsakiya, akwai mayaƙin da ke riƙe hanya shi kaɗai, akwai mafaraucin daji, sannan akwai na biyar, wanda wasan ke kira tanki ko mataimaki. Mu dai mai lifidi za mu ce masa, domin aikinsa aikin dawakin lifidi ne a rundunonin ƙasar Hausa: ya shiga gaba, ya sha sara da suka, 'yan baka su samu sararin harbi daga bayansa. Shi ke leƙa ciyawa ya tona kwanton ɓauna, shi ke barin zinariyar farkon wasa ga 'yan uwansa, shi ke buɗe faɗa, kuma sau da yawa shi ke fara mutuwa.

To, wannan na biyar ɗin ne babu mai so. Da an buɗe zaɓe sai rububi: maharba biyu, makasa biyu, na ƙarshe ya waiga ya ga ba kowa a gaba, shi ma ya ɗauki abin da ransa ke so, ya ce ai ba shi kaɗai aka haifa don wahala ba. Daga nan labari ya ƙare. Layla tana da dogon harbi, amma ba ta da hanyar tsira idan an rutsa ta. Ba mai tsaya mata, Saber zai fito daga ciyawa ya gama da ita kafin ta ɗaga bindiga. Kunkuru ya fito a minti na biyu, babu wanda zai tare hanya a kashe shi. Lord ya fito daga baya, abokan gaba su kwashe shi a natse, su biyo shi har gida. Sai a koma zargin juna, alhali Tigreal ɗaya, wanda ke janyo abokan gaba wuri guda ya sandarar da su, da ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Wanda ke ganin wannan aikin na marasa gwaninta ne ya koma ya kalli gasar duniya ta M3 da aka yi a Singafo a watan Disamba na 2021. Ƙungiyar Blacklist International ta ƙasar Filifin ce ta ɗauki kofin, ta lallasa ONIC Philippines huɗu da nema a wasan ƙarshe. Dabarar da ta yi suna da ita kuwa ita ce tafiya a dunƙule kewaye da mai warkarwa irin su Estes, kuma kyaftin ɗinsu, OhMyV33nus, shi ke riƙe wannan matsayi da yaranmu ke gudu. Idan zakarun duniya sun gina gidansu a kan mataimaki, ɗan unguwarmu da bai taɓa cin gasar layinsu ba da wane baki yake raina shi?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Yaranmu na kwaikwayon bidiyon 'yan Indonesiya da Filifin, suna ɗaukar Fanny mai shawagi da igiyoyi, ko Gusion, jarumai masu buƙatar yatsa ya sauka daidai ƙiftawar ido. Waɗancan suna wasa ne da intanet mai ƙarfi. Mu kuwa shabaka ce mai zuwa da tafiya, wuta a ɗauke, waya ta yi zafi, batir na kuka; ba mu manta yadda layuka suka ɗauke a faɗin Sudan a watan Fabrairun 2024 ba. Inda umarnin yatsa ke isa a makare, hankali ya ce a zaɓi jarumi mai yafiya, wanda ko an yi jinkiri kaɗan ba ya faɗuwa nan take, a kuma tafi tare domin idan wayar ɗaya ta daskare sauran su rufa masa. Ɗinkin rigar wani ne muke sawa, muna mamakin yadda take harɗe mu.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba ƙarya ba ce: idan kana wasa kai kaɗai da baƙin da ba ka sani ba, ka ɗauki lifidi ka buɗe faɗa, sai ka waiga ka ga kowa ya watse. Mun yarda. Sai dai mu ba a kan baƙin intanet muke magana ba. Muna magana ne a kan mutum biyar masu zama a tabarma ɗaya, masu shan shayi a buta ɗaya.

A kan tabarmar nan ne abin ya daina zama wasa. Ku lura da wanda ake ɗora wa lifidin idan tilas ta sa a ɗauka: ƙaramin cikinsu ne, ko mai tsohuwar waya, ko kuma, tun bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, yaron da iyayensa suka gudo daga Khartum ko Madani ko Sinja, wanda ke neman a karɓe shi ko ta halin ƙaƙa. Idan an ci, gwarzon wasa maharbi ne. Idan an sha kashi, laifin baƙo ne. Mun ga yaro ya ajiye waya ya tashi shiru, bai sake dawowa ba, sauran kuma ba su ko tambayi dalili ba. Wannan ɗabi'a a gidan wa aka koye ta? Kakanninmu da ƙafa suka iso ƙasar nan, wasu a hanyar Makka, wasu a ayarin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma babu ayarin fatake da ya taɓa raina jagaba don shi ba ya ɗauke da kaya mai tsada. Mu da ke garin bukkokin ciyawa ba sai an fassara mana hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, kwanaki kaɗan ya fashe ya zube, shi ya sa mai yanka da mai ɗauri da mai kawo ruwa duk ɗaya suke a gona.

Wani abu kuma a taƙaice: zagi kam da Hausa ake yin sa tsaf, amma kiran dabara sai a koma Larabci haɗe da guntayen Turanci. Me ya hana "ku taru", "ja da baya", "kunkuru", "yana ciyawa"? Gajeru ne, kuma kunne ya saba da su tun daga goyo.

Ga masu shirya ƙananan gasanni bayan an gama kaka, muna da buƙata guda. A sa a sharaɗi cewa matsayi yana zagayawa daga wasa zuwa wasa, kada mutum ɗaya ya riƙe lifidi sau biyu a jere, kuma kyaftin ne zai fara ɗauka a wasan farko.