Cika-Ciki da Cika-Kunne: Waƙoƙi Bakwai da Zan Shiga Muharram da Su

 

'Yan'uwana matasa, ga shi Allah Ya sake nuna mana watan Muharram, wanda kakanninmu suke kira watan Cika-ciki. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura ya san yadda iyaye mata suke adana wutsiyar ragon layya har zuwa daren Ashura, a yi tuwo, a ce kowa ya ci ya ƙoshi, wai wanda bai cika cikinsa ba zai shekara da yunwa. Wannan camfi ne, abin da ya tabbata shi ne azumin Tasu'a da Ashura. To amma ni ba cikin ne ya dame ni bana ba, kunne ne. Tuwon da aka ci da dare kafin hantsi ya wuce, abin da ya shiga kunne kuwa sai ya shekara ashirin yana yawo a zuciya.

Dalilin wannan rubutu wani ɗalibina ne. Ran nan na kama shi da iyafis a kunne ana tsakiyar darasin Ahalari, na karɓe wayar, na yi masa faɗa. Bayan an tashi ya zo karɓa, ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, don Allah kai ba ka jin waƙa ko kaɗan?" Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna da safiyar ranar ina bin wani baiti na Shata a zuci ina ɗaura rawani. Na ce masa, "Je ka, zan ba ka amsa." Ga amsar, kuma na ga ya dace in ba ku ita gaba ɗaya, domin na lura mu malamai muna cewa haramun a aji, mu koma gida mu kunna rediyo, su kuma yara su ce to a gabanmu, su koma wajen mai tura waƙa a bakin tasha ya cika musu memori da abin da ya ga dama. Tsakaninmu da su babu wanda ya gaya wa wani gaskiya.

Ta farko ita ce Ɗala'al Badru, domin shekararmu da Hijira take lissafi. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya tsayar da wannan ƙidaya a shekara ta 17, ko da yake isar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Madina a Rabi'ul Awwal ne, daidai da 622 Miladiyya. Mun tashi ana koya mana cewa da wannan waƙa mutanen Madina suka tarbe shi. Sai da na je jami'a na ga Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad yana cewa a dawowar yaƙin Tabuka aka yi ta, domin mashigar dutsen da aka ambata a cikinta tana wajen hanyar Sham, ba ta Makka ba. Wannan bai rage mini son ta ba. Ya dai koya mini cewa daɗin waƙa ba ya zama hujjar tarihi.

Ta biyu Ishiriniya. Mutumin Andalus ne ya yi ta, Abdurrahman Alfazazi, wanda ya rasu a 627 bayan Hijira, sannan Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi. Kowane harafi na Larabci an ba shi baiti ashirin, daga nan sunan ya samo asali. Ku duba ikon Allah: ƙasidar da aka tsara shekaru kusan 800 da suka wuce a can ƙetaren Sahara, yau tsoho a ƙauyen Gwiwa yana rera ta da ka, da karin da ba a san shi a Andalus ba. Na san akwai malaman da suke ganin wuce iyaka a wasu ƙasidun yabo, kuma gargaɗinsu abin saurare ne. Shawarata ita ce ka nemi wanda zai fassara maka baiti-baiti, kada ka rera abin da ba ka san ma'anarsa ba.

Ta uku Tabban Haƙiƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da ita Hausa. Gargaɗi ce ga mai mulki da alƙali da ɗan kasuwa da duk mai cin haƙƙin wani. Masarautarmu da Ɗantunku ya kafa reshe ce ta wannan jihadi, saboda haka waƙar gadonmu ce. A nan nake so masu cewa waƙa duk shirme ce su tsaya su yi tunani. Da waƙa Nana Asma'u ta karantar da matan karkara, jajis suna haddacewa suna kai wa 'yan taru. Mu kanmu nahawu a Alfiyyar Ibnu Malik muka koye shi, tajwidi a Tuhfatul Aɗfal, duk a waƙe. Ilmin da ke hannunmu rabinsa a kan baiti ya hau ya iso mu.

Ta huɗu Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya ga duniya fiye da masu ido, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. Ba a makaranta na fara jin ta ba, a bakin wani makaho mai bara ne, yana tafe ɗan jagora na riƙe da sandarsa. Na bi su har ƙarshen layi ban sani ba. Idan shekara ta juya, mutum yana bukatar mai tuna masa cewa an yage masa takarda guda daga littafin kwanakinsa, kuma ban san waƙar Hausa da ta kai Imfiraji iya wannan aiki ba.

Waɗannan huɗu ba su da kiɗa, babu mai tayar mini da jijiyar wuya a kansu. Biyun da ke tafe su ne masu ƙura, don haka bari in shimfiɗa magana tukuna. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, in ban da mandiri a wajen biki, kuma suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari. Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a 456, ya soki ingancin hadisin, malaman hadisi irin su Ibnus Salah suka mayar masa da martani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban sauraro, ya ɗora hukunci a kan abin da ake faɗa, da mai faɗa, da halin mai ji. Ni ƙaramin ɗalibi ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya ya kama abin da ya fi kuɓutarwa, kuma ina girmama shi. Abin da na ƙi shi ne in yi wa ɗalibina ƙarya.

Ta biyar, Na Tsaya ga Annabi Muhammadu ta Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Wanda ya taɓa shiga motar haya a hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa garinmu, zai wuya bai ji muryar Shata ba. Na sa ta a jerin nan da gangan, domin bakin da ya yi ta shi ne ya yi Sha Ruwa, wadda ba zan yarda ɗana ya haddace ba. Mawaƙi ɗaya, kalangu ɗaya, amma ɗaya tana kai ka ga salati, ɗaya tana wanke giya. Ashe ba a sayen mawaƙi a dunƙule kamar buhun gero, tsinta ake yi.

Ta shida, Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Babu aya a cikinta babu hadisi. Amma tun da na saurare ta da kunnen basira ban ƙara kallon yaron mota a tasha yadda nake kallonsa a da ba. Na fara tambayar kaina ina yake kwana, wa ya koya masa alwala, me ya raba shi da allo. Waƙar da ta sa ka ga mutum a inda da kake ganin datti, ta yi maka wa'azi ko da mai ita bai yi niyya ba.

Ta bakwai ba ta cikin kowace waya. Waƙar niƙa ce da kakata take yi a wani ƙauye na ƙasar Roni, tana durƙushe a kan dutse kafin gari ya waye. Tana ambaton iyayenta, tana yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ta sako habaici ga kishiya sannan ta yi istigfari. Ta rasu ba wanda ya ɗauki muryarta, injin niƙa ya zo ya kashe dutsen, ni kuma baiti uku kacal na riƙe. Ina roƙon ku, wanda yake da tsohuwa a gida, ya ajiye TikTok na yini ɗaya ya je ya zauna kusa da ita, ya nemi izininta ya ɗauka.

To, mene ne ma'aunin? Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙa, sannan ya ware waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. Manzon Allah ya saurari Hassanu ɗan Sabitu, ya kuma yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa. Saboda haka ga tambayoyi uku da nake yi wa kowace waƙa. Da a ce an cire kiɗan an rubuta kalmomin a takarda, zan iya karanta su a gaban mahaifiyata? Idan ladan ya yi kira tana tsakiya, hannuna yana saurin kashe ta ko yana jinkiri? Bayan ta ƙare, wa na ji ina so, wa na ji na tsana? Batsa, da zagi, da cin mutuncin abokin hamayya da ya cika waƙoƙin siyasarmu, babu malamin da ya halatta su, ko da kiɗa ko babu. Mun shagala da gardamar kalangu, wannan ɓarna da kowa ya yarda ɓarna ce tana shiga kunnen yaranmu ba sallama.

Sannan duk wanda waƙa ta fi Alƙur'ani yawa a yininsa, matsalarsa ta wuce zaɓen waƙa. Ka ƙirga mintocin da kanka, ba sai malami ya ƙirga maka ba.

Ɗalibin nan nawa na mayar masa da wayarsa, na ce ya rubuto mini nasa bakwai ɗin, tare da dalilin kowacce. Ya kawo biyar, ya ce sauran biyun kunya ta hana shi rubutawa. Na ce masa, "To ka ga ka yi wa kanka fatawa." Ku ma ku gwada kafin Ashura.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara. Allah Ya sa mu shiga wannan shekara da ƙafar dama, Ya tsare mana ji da gani da zuciya.