Fim a Tafin Hannu, Kaset a Bola

Duk ɗalibin da ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre, ko ya tsaya a bakin ƙofar makaranta da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin wani saurayi zaune a gindin laima ba, da kwamfuta a gabansa, wayoyin caji sun harɗe ta ko'ina. Wannan shi ne mai turi. Ka miƙa masa wayarka da 'yan nairori, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya cika maka ita da fina-finai, na Hausa da na Indiya masu fassara. Mu kanmu abokan cinikinsa ne, saboda haka ba mu da bakin yi masa wa'azi. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan fitowa daban ne.

Kakanninmu da iyayenmu sun ga zamanin silima. An buɗe Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a 1951, sannan Plaza da Orion da sauransu. A wancan lokaci kallo tafiya ce: mutum ya yi wanka, ya bi layin tikiti, ya jure tsegumin mutanen unguwa. Sai kaset ya shigo da kallon cikin gida. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Zuwa 1999, lokacin da waƙoƙin Sangaya suka cika gari, Ƙofar Wambai ta riga ta zama matattarar dillalan kaset, gida ɗaya mai akwatin bidiyo kuwa yakan tara yaran layi guda a tsakar gida. Wayar salula ta iso a 2001, faifan CD ya ture kaset, ita kuma wayar ta zo ta ture su duka. Yanzu Izzar So da Labarina a tafin hannu muke kallonsu, kowa da abin sautinsa toshe a kunne, ko da kuwa mu huɗu ne a ɗaki.

Ba mu ce babu riba ba. Ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata yana samun abin ɗebe kewa da araha. Sai dai kuɗin da yake biya galibi a hannun mai turi suke tsayawa, ba sa isa ga wanda ya ci bashi ya shirya fim ɗin. Wannan na daga cikin dalilan da suka kora masu shiryawa zuwa fina-finai masu dogon zango a YouTube, inda talla ke biya.

To, ina ɗimbin kasa-kasan nan suka shiga? Ga amsar da muka sani. Waɗansu suna ƙarƙashin gadon iyayenmu mata, cikin kwali, zafi da ƙura da laimar damina suna cin zarensu a hankali. Waɗansu yara sun zare su sun yi wasa. Waɗansu 'yan gwangwan sun kwashe tare da akwatin da ke kunna su. Abin da ya tsira ya hau intanet kuwa sau da yawa gutsure ne, hoton ya dusashe, an yanke sunayen waɗanda suka yi aikin. Ɗalibin Hausa da ke son rubuta kundin digiri a kan fina-finan farko sai ya yi ta gararamba gida gida kamar mai cigiyar akuya. Alhali kuwa a cikin waɗannan kasa-kasai akwai titunan Kano kafin gadojin sama, da ɗinkin lokacin, da Hausar 'yan birni wadda ta riga ta sauya a bakinmu.

Kada wani ya ce muna zuzuta abin. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru aka yi ana ɗaukar ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Ikko, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. In har fim ɗin littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, wa zai tuna da wanda samari suka yi karo-karo suka ɗauka a Fagge?

Don haka muna kira ga hukumar ɗakin karatu da ta ware kusurwa guda, da akwatin bidiyo mai aiki da kwamfuta ɗaya, a riƙa juye waɗannan fina-finai, ana rubuta suna da shekara da kamfanin kowanne. Ba aikin miliyoyi ba ne. Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu su ajiye kwali a ofis. Hutu ya gabato. Duk wanda ya je gida ya leƙa ƙarƙashin gado, ya nemi izinin Inna tukuna, ya kakkaɓe abin da ya samu ya taho mana da shi, har da kwalinsa in yana nan, domin a jikinsa ne ake samun sunayen.