Biyoloji a jami'ar Kirista: amsata ga wani baba daga Kelle

Bayan shirin daren Laraba wani dattijo daga Kelle ya kira ni a waya. Ɗiyarsa ta ci bak D bana, kawunta mai kasuwanci a Bobo-Dioulasso ya samo mata gurbi a jami'ar Katolika ta UCAO, za ta karanta biyoloji. Ya ce: "Ɗana, in bar ta ta tafi? Makwabta sun ce addininta zai salwanta." Na ce: "Baba, ba ni kwana biyu." Ga amsata, da izininsa.

Tsoron nan ban raina shi ba. Akwai jami'o'in Kirista a Najeriya da ke wajabta wa kowane ɗalibi shiga coci. Saboda haka kawun ya taka da ƙafarsa ya tambaya: ana barin Musulmi su yi salla a kan lokaci? Hijabi fa? In sun ce a'a, magana ta ƙare.

In kuwa sun ce e, to baba, mu yi wa kanmu adalci. Mutum nawa daga nan suka bi hanya har Galmi neman magani, asibitin da ƴan mishan na SIM suka buɗe tun 1950? Ban taɓa jin wanda ya tambayi addinin likita yana kwance kan gadon tiyata ba. Sassaben zamani da ya mayar da itatuwa cikin gonakin Maraɗi, Tony Rinaudo ne ya yaɗa shi tun 1983, shi ma ɗan mishan. Mendel ma, wanda ya hana mu barci a ajin ƙarshe na lise da lissafin gadon halitta, ai fada ne!

Abin da ya fi damuna daban ne. Dipulom ɗin nan, CAMES ta amince da shi? Labo fa, akwai mikroskof da ɗalibi zai taɓa da hannunsa, ko zane ne kawai a allo kamar yadda aka yi mana a lakwal? Jami'a ce ta kuɗi. Shekara 3 ta lisans ba a biyanta da buhun hatsi biyu. A lissafa, a kwatanta da jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ke kusa, sannan a yanke.

Mu dai muna bukatar yarinyar nan. Rairayi na cin kwarurrukan Gure, dabino da goruba na nutsewa, fari da tsutsa na raba mu da hatsi kusan kowace damina. Su wa za su karanci kalumbo su gaya mana inda ya fi riƙe tudu, in ba ɗiyanmu ba?

Baba, ni dai da ƙanwata ce, in an bar ta ta yi salla, dipulom kuma na ƙwarai ne, da kaina zan raka ta tasha.