Ciwon ɓarin kai a Matankari: ƙwayar tebur ba ita ce mafita ba

Da zarar bazara ta kama a Matankari, zafi ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kasuwar masu tallan ƙwaya kan buɗe. Cikin masu sayen akwai masu fama da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migren. Da yawa a Arewa na ɗaukarsa gajiya ko taɓuwar iska, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke kama kusan mutum 1 cikin 7 a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau 3.

Alamominsa sanannu ne: kai na sara ta gefe ɗaya, ga tashin zuciya ko amai, ga ƙin haske da hayaniya. Wasu kan ga walƙiya a ido kafin ya taso. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, ya hana mace zuwa rijiya, ya hana ɗalibi zuwa lakwal.

Abubuwan da ke tayar da shi suna cikin rayuwar yau da kullum: ƙishirwa, yini da yunwa, rana mai ƙuna, hira a fada har tsakar dare da shayi mai kauri, ƙura wa waya ido, ƙamshin turaren wuta, da al'adar mata. Kowa da nasa. Wanda ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya taso da abin da ya gabace shi zai gane nasa cikin 'yan watanni. Shan ruwa isasshe, barci da cin abinci a kan lokaci, kwanciya a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, duk suna sassautawa, kuma ba sa cin ko dala.

Haɗarin yana ga tebur. Shan parasitamol kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da wani ciwon kan na daban. Tramol kuwa kwana 10 sun isa, ga kamu a kai. Mafi muni, ƙwaya na iya rufe babbar cuta. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce, kuma jihar Dosso ba ta manta da annobar 2015 ba. Haka ciwon kai ga mai ciki, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ba na jira ba ne.

'Yan ci-rani da ke aiko kuɗin magani daga Legas, Kwatano ko Yamai suna da ta cewa. Su tambayi inda kuɗin ya tafi, su nace a kai inna ko ƙanwa likita a Matankari ko asibitin Dogondutsi, a auna jini, a duba zazzaɓin cizon sauro. Hukumomin lafiya kuma su yi amfani da gidajen rediyon karkara wajen bayani da Hausa kafin bazara mai zuwa.