Kafin Apophis Ya Gifta Ta Saman Ajingi

Daren Juma'a, 13 ga Afrilu 2029, wani dutsen sararin samaniya mai suna Apophis, mai faɗin kusan mita 340, zai gifta duniya a nisan kilomita 32,000, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke shawagi. Manomin Ajingi zai iya hango shi da idonsa. Abin takaici, Nijeriya ba ta shirya masa komai ba.

Abin da ya ɗauke hankalin hukumar NASRDA a 2024 shi ne alƙawarin tura ɗan Nijeriya na farko sama a kumbon Blue Origin, tafiyar da ba ta wuce minti 11 ba. Wannan yawon buɗe ido ne, kuma hoto kawai zai bari.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2010 Shugaba Obama ya ce Amurka za ta kai mutum kan irin wannan dutse zuwa 2025; a 2017 aka yi watsi da shirin. Na'urori ne suka yi aikin. A 2022 kumbon DART ya yi karo da Dimorphos, ya rage zagayensa da kusan minti 32, ya tabbatar ana iya karkatar da dutse. A 2023 OSIRIS-REx ya dawo da giram 121 na ƙasar Bennu. Babu ɗan'adam a cikin ko ɗayansu.

Masu cewa mai fama da yunwa ba ruwansa da sama sun manta da Zagami, a lardin Katsina, inda dutse mai nauyin kilo 18 daga duniyar Mars ya faɗo kusa da wani manomi a 1962. Sun manta da wanda aka tsinta a yankin Agadas, aka sayar a New York a 2025 kan dala miliyan 5 da ɗoriya, Nijar ta bi sawu bayan an gama ciniki. Jahilcin abin da ke faɗowa daga sama asara ce da ake iya lissafawa.

Duk tafiya zuwa waɗannan duwatsu tana farawa ne da madubin hangen nesa da ke auna hanyarsu daga ƙasa. Daren Ajingi da Gaya yana da duhun da birane suka rasa, jami'ar kimiyya ta Wudil kuma tana makwabtaka. Madubi ɗaya da ɗalibai goma da suka iya lissafin falaki sun fi wa ƙasa amfani da kujerar minti 11, kuma 2029 ba za ta jira kasafin kuɗi ba.