Lambar jikin kwali ba ita ke gano maka dabba ba

1/ Bari in yi maganar da masu tallan kayan farauta ba sa son ji. Madubin hangen nesa mai awon nisa, in dai yana rina maka daji shuɗi ko kore, mai aibi ne, ko nawa aka saye shi. Ku biyo ni a hankali.

2/ Duba kwalinsa. Da manyan baƙaƙe za a rubuta dubban mitocin da yake aunawa, amma ba wanda zai gaya maka launin da idonka zai gani. Maharbi fa awanni yake yi yana leƙe. Awon nisa kuwa aikin daƙiƙa ɗaya ne. To wanne ya fi cancanta a zuba wa kuɗi?

3/ Ga yadda yake aiki. Ka danna maɓalli, leza ta fita, galibi mai tsawon zango nanomita 905, wadda ido ba ya gani. Ta bugi abu ta dawo, na'ura ta lissafa lokacin. In abin yana nisan kilomita 1, zuwa da dawowa bai cika kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa ba.

4/ Rigimar tana wajen jar lambar nan da kake gani a ciki. Don ta iso idonka, ana yi wa gilashi wani shafi mai juyo jan haske. Shafin nan kuwa bai san bambancin jan lamba da jan da ke tahowa daga daji ba, sai ya datse wani kaso. Ka rage ja a farin haske, saura ya karkata shuɗi da kore. Fiziks ɗin aji ɗaya ne.

5/ Yanzu ka tuna launin barewa ko gada: ja-ja, ruwan ƙasa, a cikin busasshiyar ciyawa. Launin da zai raba maka ita da ciyawar shi aka rage. Kuma da sassafe da dab da magariba aka fi ganinsu, lokacin da hasken ma bai isa ba.

6/ Wani zai ce ai ido yana sabawa. Eh, ƙwaƙwalwa tana daina lura, amma ba ta dawo da hasken da aka datse. Wani kuma ya ce in duhu ya fara, ƙarfin ganin ido yana matsawa daga nanomita 555 zuwa wajen 507, wato wajen shuɗi-kore. Gaskiya ne. Amma hujjata ka ƙarfafa malam: ja ya riga ya yi rauni a lokacin, sai kuma a ƙara rage shi?

7/ A wasu ma, ɓangaren da ke nuna lamba ya fi ɗayan rini. Ido biyu, launi biyu. Ka yi awa uku a haka ka ji yadda idonka zai gaji.

8/ Sai gilashin kansa. Duk fuskar gilashin da ba a yi wa shafi ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, madubi ɗaya kuma yana da irinsu fiye da goma. Gilashin ED shi ke rage layin nan mai ruwan hoda ko kore da ke fitowa a gefen reshe. Nan ake tsuke kuɗi, don mai saye ba ya gani a hoton talla.

9/ Kada a ce mana fasahar sabuwa ce. Tun 1992 Leica ta fito da Geovid. Swarovski ta kawo EL Range a 2011, Zeiss na da Victory RF. Shekara fiye da 30 ana abu, rini ya daina zama uzuri. Suna da tsada, na sani. In aljihu bai kai ba, sayi madubi mai kyau zalla, da ƙaramar na'urar awo daban.

10/ Kafin ka biya: kalli farar takarda da ido, sannan ta madubin. Rufe ido ɗaya, ka sauya, ka gwada ɓangarorin biyu. Kalli wayar lantarki a sararin sama ka duba gefenta. Ka sake gwadawa bayan faɗuwar rana, don da tsakar rana kowane madubi gwani ne.

11/ Lamba za ta ce maka mita 240. Ba za ta ce maka mace ce mai ɗa ba, ko dabbar da doka ta hana, ko mutum ne ya sunkuya yana yankan ciyawa. Gilashi ne ke da wannan amsar, harsashi kuma in ya fita ba ya dawowa. Abin da ba ka tantance ba, kada ka harba.