FILIN KWAMFUTA: Yaran Aiken Da Ke Ɓoye Cikin Na'urarka

 

Kwanan baya wani ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a ya zo mini da kwamfutarsa ta hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Baffa, na'urar nan ta gama yayi. Zafi kamar garwashi, batir ba ya kai awa ɗaya, ga shi saura kwana goma in miƙa aikin kammala karatu." Har ya fara zancen sayen sabuwa, alhali na san mahaifiyarsa ba ta da wannan kuɗi. Da na buɗe jerin ayyukan da ke gudana a ciki, sai na ƙirga shirin Python har guda goma sha ɗaya. Tara suna zaune sun tare wuri a ƙwaƙwalwar na'urar, biyu kuwa suna ta juya wani lissafi da ba shi da ƙarshe tun makon jiya. Ashe na'ura lafiyarta ƙalau, yaran da ya aika ne bai sallama ba.

To, su wane ne waɗannan yara? Duk shirin da ke gudana a kwamfuta yana da lambarsa, kuma yana iya tayar da wani shirin ya yi masa aiki a bayan fage. Masana suna kiran na farko uba, na biyu ɗa. Hikimar ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai shago ya tsaya wajen masu saye, yaro ya tafi ɗauko kaya.

Ɗan ƙanen nawa da Jupyter yake aiki, wato littafin lissafin nan da ake rubuta umarni a ga amsa nan take. Asalinsa IPython ne, wanda Fernando Pérez ya fara a 2001, sunan Jupyter kuma ya fito a 2014. Sassa uku gare shi: shafin da kake gani, da dillalin da ke tsakani, da injin da ke yin ainihin lissafin. Kowane littafi ka buɗe, dillali zai tayar masa da injinsa. Idan ka rufe shafin kawai, injin yana nan daram. Shi kuwa yaron nan murfin na'ura kaɗai yake rufewa, bai taɓa kashe ta ba.

Yadda ake tayar da ɗa ya bambanta daga tsari zuwa tsari. A gidan Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, uba yana raba kansa biyu ne da umarnin fork, sannan kwafin ya rikiɗa zuwa sabon shiri da umarnin exec. Linux, da Linus Torvalds ya fitar a 1991, da macOS na kamfanin Apple duk wannan hanya suka gada. Windows kuwa ba ta da fork. Da umarni guda, CreateProcess, take gina sabon shiri tun daga tushe. Shi ya sa wani lokaci shirin da ya yi aiki sumul a kwamfutar makaranta mai Linux sai ya yi gardama a ta gida mai Windows. Don rage wannan wahala ne aka sa wa Python wani sashe mai suna subprocess a 2004, domin mai rubutu ya ba da umarni iri ɗaya, shi sashen ya san yadda zai yi da kowane tsari.

Wajen sallama ma akwai bambanci. A Linux da macOS ana aika wa shiri sigina mai lamba. Danna Ctrl da C yana aika sigina ta 2, wato dakata. Umarnin kill tare da lambar shirin yana aika ta 15, wadda ke ba shi damar ajiye abin da ke hannunsa ya fita cikin mutunci. Ta 9 kuwa ba ta jin roƙo, nan take take yanke shi, abin da bai ajiye ba ya tafi. Windows ba ta da irin wannan tsari na sigina, don haka maɓallin dakatar da injin Jupyter bai cika yin biyayya a can kamar yadda yake yi a Linux ba. Abin da take da shi shi ne taskkill. Idan ka ƙara masa /T zai haɗa da 'ya'yan shirin, /F kuma shi ne na ƙarfi da yaji.

A lura da kyau, mutuwar uba ba lallai ta kashe ɗa ba. A Linux irin wannan ɗa maraya ake ce masa, kuma shiri mai lamba 1 ne yakan ɗauki riƙonsa. Akwai kuma ɗan da ya gama aiki ya mutu amma uban bai zo ya karɓi rahotonsa ba. Sunansa zai zauna a jeri kamar gawar da ba a yi wa sutura ba, kuma ko sigina ta 9 ba ta kawar da shi, sai uban ya waiwaye shi ko shi ma ya fita.

Wani lokaci kuma so kake yaro ya ci gaba da aiki bayan ka tashi. Ɗalibanmu da ke shiga manyan kwamfutocin jami'a daga nesa sun san takaicin yankewar intanet ko ɗaukewar wuta da tsakar dare. Da layi ya yanke, ana aika wa aikinka sigina ta 1, wadda ta samo sunanta daga ajiye kan tarho a zamanin da ake shiga kwamfuta ta layin waya, sai aikin ya mutu. Maganinsa ka rubuta nohup a farkon umarnin, ka sa alamar & a ƙarshensa. Da safe za ka tarar da sakamako a fayil mai suna nohup.out.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kafin ku ce na'ura ta lalace, ku fara leƙa jerin ayyuka. A Windows ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. A Linux ku rubuta top, a macOS ku buɗe Activity Monitor. Ku fara da sallama ta lalama kafin ta ƙarfi, kuma kada ku kashe abin da ba ku san sunansa ba, domin wasu na tsarin na'urar ne. Masu Jupyter kuma su riƙa shiga sashen Running suna kashe injin kowane littafi da suka gama da shi.

Mun yi haka da ta ɗan ƙanena, kafin mu gama shan shayi fankar na'urar ta yi shiru. Ya miƙa aikinsa a kan lokaci, kuɗin mahaifiyarsa kuma suka zauna a jarinta na kasuwa.

Mai tambaya ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.